Gadon Ƙarfen da Ban Saya Ba

Lokacin ina malamin awon auduga a Funtuwa, zamanin sule da fam, wata rana 'yan dako suka dire sabon gadon ƙarfe a ƙofar gidana, suka ce daga kantin wani Bayarabe ne.

Matata ta ce, "Malam, a mayar masa, ba mu saya ba."

Na ce, "Ke ba ki san doka ba. Abin da aka kawo maka ba ka nema ba, ya zama naka." A bakin wani akawun kotu na taɓa jin haka.

Na haɗa gadon, na kira maƙwabta suka gani, na yi musu bayanin doka kyauta. Na yi ta kwana a kai har ya fara ƙara.

Ranar Juma'a sai ga surukina daga Bakori da jakuna. Ina tsugune ina gaisuwa ya ce, "Na zo ɗaukar gadon auren ƙanwar matarka, wanda na sa a ajiye nan."

Har yau Lauya suke kirana. In ana biki a dangi kuwa, ina sallama za ka ji an ce, "Ga Lauya nan, a rufe ɗakin amarya."