Rasuwar Gwanki, Babur ɗin Baba Mai Walda

Da zukata cike da baƙin ciki, iyalan Baba mai walda suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa yin tsalle ya ba shi hanya, rasuwar babur ɗin gidansu wanda aka fi sani da Gwanki. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi a ƙofar shagon walda, yana da shekara ashirin da shida. Iyalan ba su ga amfanin ɓoye abin da duk layin ya gani ba. Marigayin bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi da guduma a bainar jama'a, kuma wanda ya kashe shin shi ne babban mai makoki.

Marigayin ya shigo gidan ne jajur, da ledarsa a kan kujera, a shekarar da aka haifi 'yar autar Baba. Tun daga ranar bai taɓa sa ubangidansa ya taka shi sau biyu ba. Taku ɗaya, sai ya yi tari, ya ce dum, dum, dum, kamar mai gyaran murya kafin ya yi magana a gaban manya. Ya ɗauki ƙofofin ƙarfe, ya ɗauki tukunyar gas, ya ja rodi mai tsawon ɗaki biyu yana tartsatsi a kan kwalta, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ya kai yara huɗu makaranta a jere kamar kifi a tsinke. Ya shiga ruwa har cinya ya fito da ransa.

Sai dai gaskiya ta wajaba ko a kan mamaci: Gwanki ba mai haƙuri ba ne. Babu ɗan gidan da salansarsa bai ƙona ba, kowa da tabonsa a ƙaurin dama. Ya taɓa harbin ƙanen Baba a ƙafa don ya taka shi ba da izini ba, mutumin ya yi wata guda yana ɗingishi. A hali sun yi daidai da ubangidansa, wanda aka sani da cewa in ya kama ƙarfe, ko dai ƙarfen ya lanƙwasu ko a kwana a wurin.

Cutar da ta yi ajalin marigayin ba a jikinsa ta fara ba, a jikin Baba ta fara. Shekara arba'in yana kallon wutar walda, rabinsu ba da gilashin kirki ba. Idon hagu ya soma yin hazo, har ya zama in mutum ya tsaya masa ta wannan ɓangaren, sai ya yi magana Baba zai san da shi. Daga baya ciwon suga ya sauko masa a hannun dama. Yatsun sukan mutu ba sallama, ya riƙe kofi ya ga kofin a ƙasa. Likita ya duba, ya ce masa a fili ya sauka daga babur. Baba ya yi godiya, ya ninke takardar da likitan ya rubuta masa, ya fito ya goge man da ke kan tanki da ita, ya hau ya koma shago.

Farkon wanda ya ɗanɗana shi ne mai sayar da ƙwai a bakin layi. Baba ya shigo kwana ya bi ta kan teburinsa, ƙwai ya yi ta gudu a kwata kamar an fasa tulu. Baba ya ce birki ne. Ya kwance birkin, ya wanke, ya ɗaura. Bayan mako biyu ya goge wani bango da gwiwarsa, ya dawo gida wando a yage jini na bin ƙafa. Ya sake cewa birki ne, ya sake kwancewa. Sau uku ana yi wa marigayin tiyata a kan ciwon da ba nasa ba, bai yi ƙorafi ba.

Babban ɗan Baba, malamin makaranta ne mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, shi ya ɗauke makullin. Ya zo ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, makullin yana wurina. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

Baba ya ce, "Ba ni."

"Baba, idonka..."

Bai ƙarasa ba Baba ya ɗauke shi da mari, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Hannun da yake kasa riƙe kofi bai kasa wannan ba. Gilashin malam ya yi tsalle ya faɗa cikin bokiti, leɓensa ya fashe. Ya tashi ya fita da makullin a aljihu. Washegari ya dawo da sarƙa mai kauri da kwaɗo, ya ɗaure tayar baya da ƙarfen tagar zaure. Ya manta sana'ar ubansa. Baba ya sa aka kawo masa injin yankan ƙarfe daga shago, ya yanke sarƙar cikin minti biyu, wuta na feshi har kan tabarma. Ya haɗa waya da waya, marigayin ya ce dum, dum, dum. Baba ya aika wa ɗansa da guntayen sarƙar a leda.

Ba taurin kai kaɗai ba ne. A ƙasa Baba tsoho ne mai laluben bakin ƙofa, wanda jikoki ke ce wa ya yi a hankali da matakala. A kan Gwanki kuwa iska tana dukan ƙirjinsa, mutane suna matsawa, ba mai riƙe masa hannu. Ya san ranar da ya sauka, ya sauka ke nan, saura zaman benci da jiran wanda zai kai shi.

Ranar Litinin da safe Inna, matarsa, tana da ganin likita saboda hawan jini. Ta yi shiri ta fito ta ce, "Malam, bari in tari mota a bakin titi, kada in wahalar da kai."

Ya dube ta da idon da ke gani, ya ce, "Har da ke?"

Shekara arba'in da uku suna tare, ta san abin da ke cikin wannan tambayar. Ta gyara mayafi ta hau bayansa, ta riƙe masa riga kamar yadda ta saba.

A gangaren da ke kafin gada, wata tifar yashi ta lalace ta tsaya a gefen hagu. Kowa ya gan ta tun daga nesa, ban da Baba. Sai da ta cika masa fuska ya gan ta. Ya ce wa hannunsa kama birki, hannun bai ji ba. Ya fizgi kan babur gefe, tayar gaba ta daki bakin kwalbati, Inna ta tashi sama ta wuce ta kansa. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar saukarta kamar an yar da buhun siminti. Ƙashin ƙugunta ya karye, haƙoranta uku suka zube, goshinta ya tsage har ana ganin fari.

Baba ya gurje kafaɗa da tafin hannu, shi ke nan. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa yana kiran ta. Ya hango wani abu mai launin zanenta, ya rarrafa ya rungume shi, ashe buhun shara ne. Inna tana kwance taku goma daga hagunsa, jini na bin kunnenta, bai gan ta ba. Wani mutum ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi tsaye yana girgiza shi. "Tsoho, makaho ne kai? Ga matarka can! Ka kashe baiwar Allah!" Wani ya kai masa duka a ƙeya kafin a raba. Duk wannan abin da ake yi, marigayin yana kwance a gefensa, tayar baya na juyawa a iska, injinsa bai mutu ba.

Kwana biyu Inna ba ta san inda take ba. Ran Laraba ta buɗe ido, bakinta a kumbure, ta ga babban ɗanta a kanta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kada ku yi wa babanku faɗa. Birki ne ya ƙi."

Baba yana zaune a ƙasa bayan labule, ya ji. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ran Alhamis ya je shago, inda maƙwabta suka turo masa babur ɗin suka jingine. Ya shafa shi tun daga fitila har lamba. Madubi ɗaya ne ya fashe, sai ɗan lotsawa a tanki. Ya sa hannun hagu ya matse birki, ya tura. Babur ya kafe kamar an dasa shi. Ya sake gwadawa, haka. Lafiyar birki ƙalau, kuma dama ya sani.

Sai ya taka shi, don ya ji ko injin ya taɓu. Taku ɗaya, marigayin ya yi tarinsa ya tashi. Baba ya tsaya yana saurare, zuciyarsa na ce masa asibitin ba nisa, hanyar miƙaƙƙiya ce, a hankali zai tafi, yau kaɗai. Bai ankara ba sai ya ga ƙafarsa ta riga ta tsallake kujera, yana zaune daram, hannuwansa a inda suka saba. Matarsa na kwance da ƙugu a karye, jininta bai gama gogewa daga kan titi ba, shi kuma ga shi a kai.

Ya sauka. Ya kashe injin. Ya zare tiyon mai ya tsiyaye tankin tas a jarka, ya kai jarkar nesa, don ko a cikin fushi shi mai walda ne. Sannan ya shiga shago ya fito da babbar guduma, wadda ake miƙar da ƙarfen gini da ita.

Dukan farko a fitila ya sauka, gilashi ya watsu har tsakiyar titi. Na biyu ya karya kan babur. Na uku ya lotsa tanki ya haɗe shi da ƙashin baya, marigayin ya faɗi a gefensa. Kafintan da ke shagon kusa, abokinsa tun suna samari, ya fito da gudu ya riƙe masa hannu.

"Mai walda, ka haukace ne? In ba ka so, ka sayar mana!"

Baba ya ture shi har ya zauna a kan katako. "In na sayar zan ji muryarsa a titi in bi shi. Matsa, kada in haɗa da kai."

Ba wanda ya sake matsowa. Ya bi wayoyin taya ya kakkarya, ya fasa salansa, ya yaga kujera da tsinin ƙarfe har soso ya fito. Sau da yawa gudumar takan kuskure ta daki ƙasa, don ba ya ganin inda yake duka sosai. Wani ɓallin ƙarfe ya tashi ya yanke shi a kunci, jini ya haɗu da gumi ya jiƙa masa wuyan riga, bai tsaya ba. Yana duka yana wani irin gurnani da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Mata suka janye yara cikin gida.

Injin ne ya gagara. Ƙarfe ne na da, mai kauri, an yi shi don ya daɗe. Baba ya ɗaga gudumar a karo na ba adadi, yatsun dama suka mutu, ta suɓuce ta faɗi bayansa. Ya sunkuya ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya tsaya yana haki, yana kallon hannun.

A lokacin babban ɗansa ya iso, an kira shi daga makaranta, allin allo bai fita daga yatsunsa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, don bai san da wace fuska za a karɓe shi ba. Baba ya juya kansa har ya samo shi da idon dama.

"Malam," in ji shi, kuma bai taɓa kiran ɗansa da haka ba sai ranar, "zo ka ƙarasa min. Hannuna ya ƙi."

Malam ya cire gilashinsa ya ba kafinta, ya ɗauki gudumar. Duka biyar ya yi. A na biyar injin ya tsage, baƙin mai ya malalo ya bi ƙasa har ƙarƙashin takalman Baba. A nan marigayin ya cika. Baba ya zauna a bakin shago ya rufe fuska da hularsa, ɗan ya zauna kusa da shi.

Marigayin ya bar hular kwano guda, sabuwa fil, wadda ba a taɓa sawa ba. Ya bar fulogi biyu a gwangwani, da famfon iska, da rabin jarkar mai. Ya bar Inna, wadda aka yi wa aiki ranar Juma'a aka sa mata ƙarfe a ƙugu, likitoci kuma sun ce za ta taka, amma da sanda. An gaya mata abin da ya faru. Sai ta tambaya ko an duba yankan da ke kuncin mijinta. Ya bar ubangidansa, wanda a jiya ya je bakin gadon matarsa ya ce mata a gaban 'ya'yansu duka, "Ba birki ba ne. Ni ne." Ta ce ta sani.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe daga ƙofar shago, a cikin buhu uku. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa. Baba ya ce kada a ɗora marigayin a sikeli a gabansa, kuma kada kowa ya ɗauki ko da ƙusa ɗaya da sunan tunawa. Kafinta ne zai raka shi har bakin titi a madadin iyali.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar, in Baba ya dawo daga asibiti a motar haya. Iyalan suna roƙon masu zuwa kada su ce masa ai za a sami wani. Suna kuma roƙon duk wanda zai zo a kan babur ya kashe shi tun daga bakin layi ya turo da hannu. Mai makokin bai warke ba tukuna. In ya ji ƙarar inji, ƙafarsa ta dama tana motsi.