Layar Kwalin Madara

Ba zan taɓa mantawa da kwalayen madarar Sujin ba, ko da kuwa na so. Sujin 'yar Koriya ce, muna zaune a gidan haya ɗaya a unguwar Aston ta Birmingham, tana bincike a kan wani shahararren mawaƙin ƙasarsu da ya sha ɗauri saboda faɗa wa masu mulki gaskiya. Tana da kirki, kuma kirkin nata ne ya fara ba ni tsoro (a gidanmu, wanda ya cika yi miki murmushi sai ki duba ƙarƙashin matashinki).

Wata rana ta roƙe ni in daina zubar da kwalin madarata idan na shanye. Nawa fa, ba nata ba. Da na leƙa ɗakinta da sunan neman caja, sai na tarar ta farke kwalayen, ta yi musu rubutu da ƙusa, ta naɗe su ƙanana ta ɗaure da zare. Sak laya. A makon nan kuwa malamina ya dawo mini da babin bincikena jajir da gyara. Biri ya yi kama da mutum.

Na saci guda, na kira Anti Hajara, ƙanwar mahaifiyata da ke aikin akanta a Manchester. Ta ce kada in kuskura in buɗe, in barbaɗe shi da gishiri da barkono, in ƙulle a baƙar leda in kawo mata.

Ranar Asabar Sujin ta gayyace ni baje kolin aikinta, a Manchester ɗin kuwa. Na ja Anti muka je don ta ƙare wa yarinyar kallo. A nan Sujin ta bayyana wa jama'a cewa an hana mawaƙin biro da takarda a kurkuku, shi ne yake rubuta waƙoƙinsa da ƙusa a jikin kwalin madara, a fitar da su a ɓoye. Abin da ta kwaikwaya ke nan. Sai ta nuna gurbi a tsakiyar teburin, ta ce na ƙarshe ya ɓata, ga masu ba ta maki a zaune. Idonta ya cika da hawaye, amma sai da ta gode mini a bainar jama'a saboda shan madara.

Anti ta zungure ni. "Ke, fito da kayan mutane. Right now."

Na miƙa ledar. Sujin ta kwance, barkono ya tashi, wani farfesa ya hau atishawa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na faɗi gaskiya. Sujin ta ajiye kwalin a gurbinsa da gishirinsa, ta ce a bar shi haka, ai masu gadin kurkukun ma haka suke yi wa abin da ba su iya karantawa ba.

Na je kallon mawaƙi, na dawo Birmingham a matsayin ganduroba. Yanzu in na ga abin da ban gane ba, tambaya nake yi, gishirina kuwa na miya ne. Anti har yau ta rantse ita addu'a kawai ta ce in yi.