Rasuwar Clive, Eyakwandishan na Motar Pascoe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga jiƙe sharkaf da gumi, Desmond Pascoe yana sanar da 'yan'uwansa tsofaffi masu yawo a motocin kwana, wato motoci masu ɗaki a ciki, rasuwar eyakwandishan ɗinsa, wanda a gida ake kira Clive. Ya cika ranar Talata da rana tsaka a bakin wani busasshen rafi kusa da garin Marble Bar, bayan jinyar da kowa ya lura da ita ban da mai shi.

Marigayin mai ƙanƙan da kai ne. Bai taɓa neman janareta ba. Abin da farantan sola suka tara a batir, shi yake lasa kaɗan kaɗan, yana 'yar muryarsa, hummm, kamar mai addu'a. A kansa aka ƙulla yarjejeniya ranar da Desmond ya lallashi matarsa Noeline suka sayar da gidansu na garin Whyalla suka hau hanya. Ta ce za ta bi shi ko'ina, muddin za ta kwanta cikin sanyi.

Ciwon ya samo asali ne daga wata nasara. Kamar kowane matafiyi mai mutunci, Desmond ya yi tsere ya riga sauran motoci kama inuwar bishiyar turare ɗaya tilo da ke wurin, ya kuma ƙi motsawa don kada wani matafiyi ɗan jihar Queensland ya gaje ta. Noeline ta tuna masa cewa farantan rana suke ci, ba inuwa ba. Ya amsa cewa shi ya karanta littafin na'urar. Fararen akun da ke kwana a bishiyar suka yi wa farantan fenti da kashi, suka ɗanɗana wayoyin. Batir ya rame. Clive ya yi ta fama da yunwa, muryarsa ta koma kar-kar-kar, sannan ƙit, sai ƙaurin ƙonewa.

Wani makanike a garin Port Hedland ya saurari bayanin Desmond ta waya, ya tambaya ko a inuwa aka ajiye motar, sannan ya yi masa ta'aziyya.

Marigayin ya bar farantai huɗu, batir mai jinya, firji da giya ta ɗumama a cikinsa, da wata fanka 'yar ƙarama wadda gadon ya fi ƙarfinta. Ya bar Noeline, wadda ta riga ta ɗaure akwati za ta wurin ƙanwarta a garin Hobart. Desmond ya roƙe ta ta jira a kawo sabon eyakwandishan.

"Ka samu inuwarka, tsoho," in ji ta. "Ka riƙe ta da kyau."

Za a sauko da gawar daga rufin mota ranar Asabar da safe, kafin ƙarfe ya yi zafin taɓawa, a kai ta jujin gari bayan an sauke Noeline a tashar bas. Kada a kawo furanni, a kawo ƙanƙara. Desmond zai karɓi gaisuwa a gindin bishiyar. Ba sai an zo da kujera ba, akwai guda da babu mai zama.