Rasuwar Dutsen Gugar Issaka Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙauri, Issaka tela na Zongon Kumasi yana sanar da rasuwar dutsen gugarsa, wanda aka yi wa kisan gilla ranar Alhamis a kan farar shaddar surukinsa, Alhaji Sanni.

Marigayin haifaffen Amurka ne. Hajiya Rafia, yayar Issaka, ita ta aiko shi cikin durom tare da taransifoma mai rage masa zafin wutar Gana. Dutse ne mai kunya, bai taɓa ƙona ko zare ba. Iyakar maganarsa “tsss”, in an yayyafa ruwa.

Rannan Issaka ya gama ɗinkin babbar rigar da Alhaji zai saka ranar sunan jikansa, ya shimfiɗa ta, ya fita sayo zare. Sai ga ƙanensa Abukari, makanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci, inda abin da ya ƙi shiga rami guduma ake ba shi. Wai taimako zai yi. Ya ce wannan akwatin ne ke cinye wa dutsen ƙarfi, ya ture taransifoma da ƙafa. Fulogi ya ƙi shiga soket, ya datse shi, ya cusa waya tsirara, ya tokare da tsinken ashana, ya ɗora dutsen a kan rigar.

Marigayin ya yi wani gurnani da ba a san shi da shi ba. Ya yi ja, ya cinye ƙirjin rigar har katakon tebur, sannan ya ce “tau”, cikinsa ya fashe. Issaka ya dawo ya tarar da hayaƙi. Ya shaƙe Abukari, ya buga masa kai da keken ɗinki, ya bi shi da almakashi har bakin kwata. Sai da ƙarti suka danne shi.

“Yaya, wallahi da farko gugar ta yi kyau,” in ji Abukari, jini na bin haɓarsa.

Abdul-Wadud mai gyaran lantarki ya duba gawa, ya karanta rubutun da ke gindinta: bolt 120, amfiya 10. Ya ce in ka raba bolt da amfiya, turjiyar marigayin om 12 ce. In ka ninka su, ƙarfinsa wat 1,200. Wutarmu kuwa ta kusa bolt 240, turjiya kuma ba ta ƙaru ba, sai amfiya 20 ta bi ta cikinsa. Wat 4,800 ke nan.

“Ai ninki biyu kawai na ba shi,” in ji Abukari.

“Ninki huɗu ya sha,” in ji Abdul-Wadud. Issaka ya sake tashi, aka sake danne shi.

Marigayin ya bar taransifoma ɗaya cikin takaba, da kwalbar sitati, da tulin kayan mutane a yamutse. Ya bar Issaka cikin tsoro, don har yanzu ba a sami mai ƙarfin halin gaya wa Alhaji ba.

Za a kai gawa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa gobe bayan azahar. Ana karɓar gaisuwa a shago, ban da ta Abukari. Ana roƙon masu rakiya, musamman majiya ƙarfi, kada su watse in an dawo. Alhaji Sanni ya aiko cewa da la'asar zai zo da kansa ya gwada rigarsa.