Ƙwai Biyu da Bene Hawa Huɗu

Yau da hantsi wandona ya yage a hawa na uku na babban asibitinmu, ina goye da mahaifina, a gaban mata biyu da wani mai shara. Ba ƙaramar yagewa ba, irin wadda ake jin ƙararta daga ƙasa. Baba ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Ci gaba da tafiya, Tsinke, rigata ta rufe maka." Tsinke shi ne sunan da yake kirana da shi tun ina yaro, kuma duk wanda ya taɓa ganina ya san bai yi mini ƙazafi ba.

Na san za ku tambaya me ya kai mutum mai shekara arba'in da shida goyon tsoho a kan matakala. To, ku gyara zama. Baba tsohon magini ne, gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya taka ko mataki uku. Likitar ƙashi da na'urar da take duba mutane da ita suna hawa na huɗu. Wani mai basira ne ya zauna ya yi tunani mai zurfi, ya ga babu inda ya dace da masu ciwon ƙafa irin can ƙololuwa. A ƙasa kuma aka zuba ofisoshin shugabanni, don kada su gaji.

Ba wai babu lifta ba, akwatin nan da ke hawa da mutane sama. Akwai ta, har da madubi a ciki. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle da kansa ya zo ya buɗe ta shekara biyar da suka wuce, da masu hoto da masu tafi. Ta hau da shi, ta sauko da shi, daga ranar ta yi ritaya. Yanzu mai shara ke ajiye bokiti da tsintsiya a ciki. An liƙa takarda a ƙofar an rubuta "Ana kan gyara", ita ma takardar ta tsufa har tana neman gyara.

Mako shida da suka wuce muka zo karon farko. A ƙasa aka ɗora Baba a sikeli, kilo sittin da huɗu. Ni kuwa hamsin da takwas ne, da takalmi. Na ce a kira wani ƙaƙƙarfa ya taimaka, Baba ya ɗaure fuska ya ce, "Ina da ɗa namiji a raye, baƙo ba zai goya ni ba." Na durƙusa, ya hau, na miƙe da ƙyar. A ƙarshen hawa na farko ƙafafuna suka ce iyakarsu ke nan, muka zauna a kan matakala ni da shi muna kallon juna har lokacinmu ya wuce. Na bar shi nan na hau ni kaɗai na roƙi ma'aikacin da ke rubuta sunaye. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ku dawo bayan mako shida. In kun sake saɓawa, sunansa ya fita daga layi, sai baɗi." Na ce likita ba za ta iya saukowa ba? Ya ce na'ura ba ta da ƙafa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da yamma na nufi shagon maƙwabcina mai walda, wanda duk layinmu ke kira Guduma, saboda damtsensa ya kai cinyata. Yana da sandar ƙarfe a bayan shago da ya liƙa wa tsofaffin faranten birkin mota, ita yake ɗagawa kowace safiya. Na faɗa masa buƙatata. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, kallon da yake wa ƙofar da tsatsa ta cinye, sannan ya ce, "Mako shida ba za su mai da kai ni ba. Amma ƙarfi yana riga girma zuwa. Me kake ci?"

Na ce shayi da burodi da safe, shinkafa da rana, abin da ya samu da dare.

Ya ce, "Ka taɓa ganin an yi gini da ruwa da yashi kawai? Tsoka furotin take so, sinadarin gina jiki. Kowane kilo na jikinka, ka ba shi giram ɗaya da rabi a rana. Kai wajen casa'in ke nan."

Na ce ƙwai ɗaya nawa yake bayarwa? Ya ce shida. Na yi lissafi da yatsu, na ce, "Guduma, ƙwai goma sha biyar a rana? Ni ne Mai Girma?"

Ya yi dariya har ya ajiye tabarau. Ya ce ba ƙwai kaɗai ba, akwai wake, akwai gyaɗa, akwai kifi ko da ƙanana ne, akwai madara, a rarraba su safe da rana da dare, a yi barci sosai, a ƙara nauyi sannu a hankali. Na ce garin nan fa da ake sayarwa a roba, mai hoton ƙato a jiki? Ya ce, "Wannan cike giɓi ne ga wanda abincinsa bai kai ba. Ba ya ɗaga ƙarfe a madadinka."

Na ji shawararsa tsaf, washegari na je na sayi garin. Ku yi mini adalci, da kun ga ƙaton da ke jikin robar, ku ma sai kun saya. Mutumin yana murmushi kamar bai taɓa bin layin mai ba. Uwar yara ta ɗauki robar ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Maigida, wannan ai madarar jarirai ce aka yi wa gemu." Ta kuma ce in na zama kamar mutumin hoton in sanar da ita da wuri, don ta sa a faɗaɗa ƙofar ɗaki.

A nan dole in tsaya in yi wa manyanmu godiya, don ni ba butulu ba ne. Mutane suna cewa ba su damu da lafiyarmu ba, ni kuwa na gano suna da tsari. Layin mai da ke sa mu tura mota, wannan na cinya ne. Famfon da ya ƙafe muke ɗauko jarka daga ƙarshen layi, na kafaɗa ne. Liftar da ta mutu, ta gadon baya ce. Duk ƙasar an mai da ita gidan motsa jiki kyauta, ba rajista. Abu ɗaya kawai Mai Girma Uban Kwamitoci ya manta, wato abin da za mu ci bayan atisayen. Shi kam ga alama yana cika giram ɗinsa, sai dai duk a gaba suke taruwa.

Na shiga aiki ba wasa. Kullum da safe ina bayan shagon Guduma, ina tsuguno da sanda a kafaɗa, yana ƙirga mini yana cin gyaɗa. Kwana uku na farko ko zama a kujera sai da addu'a. Uwar yara ta tsara gida: wake kusan kullum, kifi in an samu, ƙwai biyu nawa da safe, biyu na Baba, tunda shi ma likitan da ya auna shi a hawan ƙasa ya ce ya riƙa ci. Duk ranar hutu kuma sai a yi gwaji. In goya Baba in hau matakalar gidanmu mai taki goma sha biyu, in sauko, in sake hawa. Shi kuma yana bayana yana aikin duba-gari: "Wannan takin bai kai sauran ba. Wanda ya zuba shi bai riƙe igiyar awo ba."

A mako na biyu sai na ga ƙwai uku a farantina, wata rana huɗu. Na tambaya, uwar yara ta ce Baba ne ya ce ƙwai yana tayar masa da zuciya, a ƙara mini. Na ce madalla, na cinye. A mako na uku ta same ni gaban madubi ina lanƙwasa hannu, ta ce, "Maigida, kwanon Baba fa yana dawowa da rabi." Na ce tsufa ne, tsofaffi ba sa ci da yawa, ki dubi nan, ba ki ga wani abu ya taso ba? Ta duba da kyau ta ce ta ga jijiya.

Amma gwaji yana ta sauƙi. Mako na huɗu na yi hawa uku ban huta ba. Mako na biyar na yi biyar, har ina magana a hanya. Na je shagon Guduma ina taƙama, na ce, "Ka ce garin ba ya aiki, to ga shi. Tsohon nan yanzu kamar jakar makaranta nake jin sa." Guduma ya ɗauko tef ɗin awon ƙarfe ya zagaya damtsena. Ya ce, "Rabin yatsa ka ƙara. A sanda kuma kilo biyar ka ƙara, ba laifi ga ɗan koyo. Amma wannan sauƙin da kake faɗa ya fi ƙarfin abin da na gani." Na ce hassada ce. Ya ce to, ya koma waldarsa.

Shi ne yau muka zo. Hawa na farko na wuce shi ina yi wa inda muka zauna wancan karon kallon raini. A na biyu numfashi ya fara fita da ƙara. A na uku wando ya yi abin da ya yi. A na huɗu na sauke Baba a kan benci, na jingina da bango a hankali ina kare bayana, zuciyata fal da alfahari. Ma'aikacin rubuta sunaye ya ɗago kai a karon farko, ya ce, "Kun zo." Na ce mun zo.

Likitar ba ta da yawan magana. Ta duba fayil, ta sa aka ɗora Baba a sikeli, ta sake duba fayil. Sannan ta cire tabarau ta kalle ni.

"Kai ne ɗansa?"

Na ce ni ne, ni na goyo shi tun daga ƙasa. Na ɗan gyara tsayuwa don ta ga kafaɗa.

Ta ce, "Mako shida da suka wuce kilo sittin da huɗu ne. Yau hamsin da bakwai. Wa yake hana tsohon nan abinci?"

Na juya wajen Baba, shi kuma ya tsura wa silin ido kamar yana neman inda aka yi kuskuren zubi. Likitar ta ce, "Baba, me ya sa ba ka ci?"

Can ya ce, "'Yata, ni magini ne. In lebura ya kasa ɗaukar kaya, ba tsayawa ake a jira ya yi ƙiba ba. Rage masa kayan ake yi."

Jama'a, na ji kunya, kuma ba ta wando ba. Mako biyar ina cin ƙwan mahaifina ina gode wa ƙaton jikin roba. Matata ta faɗa mini da bakinta, ina can ina neman tsoka a madubi. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba, sai da Baba ya ce, "Kai, Tsinke, ka ishe mu. Wando ya yage, kai ma za ka yage?"

Likitar ta yi mana faɗa mu duka. Ta ce gwiwar da ba tsoka a kewayenta ba ta da mai riƙe ta, kuma tsoho ya fi ni buƙatar abin da nake ta haɗiya. Ta rubuta masa ƙwai, wake, kifi da madara, da ɗan motsa ƙafa yana zaune. Ta ce ba za ta taɓa gwiwar ba sai ya mai da abin da ya zubar. Mu dawo bayan wata biyu, kuma tana son ganin sittin da biyar.

Na ce, "Likita, sittin da biyar, a nan sama?"

Ta ce, "Sai dai in an gyara lifta." Ita da ma'aikacin suka yi dariya tare, irin dariyar waɗanda suka daɗe a wuri.

Da muka sauko, mun tarar da taro a bakin liftar. An share wurin, an fitar da bokitin mai shara, wani Ranka-ya-daɗe yana jawabi cewa an kafa kwamiti mai ƙarfi da zai gano dalilin da ya sa kwamitin baya bai zauna ba. Aka cire tsohuwar takarda aka liƙa sabuwa mai launi, aka yi tafi. Na so in tafa, amma hannuwana suna riƙe da ƙafafun Baba.

Da rana a gida uwar yara ta dafa ƙwai huɗu. Na ɗauki faranti da kaina na shiga ɗakin Baba, na zauna a bakin gado, na ɓare biyu na ajiye a gabansa. Ya ce zuciyarsa tana tashi. Na ce ta tashi ta zauna, ba inda za ni sai ya cinye. Ya ɗauki ɗaya yana jujjuya shi, ya ce, "Kilo takwas fa za su ƙaru a bayanka, Tsinke."

Na ce, "Kai dai ci, Baba. Ɗaukar tawa ce."

Ya cinye duka biyun, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya daga nawa.

Guduma ya ce gobe zai liƙa wa sandar ƙarin faranti biyu. Robar gari kuwa ta ƙare, uwar yara ta wanke ta tana zuba gishiri a ciki, ƙaton yana nan yana murmushi a kan kantar kicin. Idan wani daga cikinku ya haɗu da Mai Girma, ya gaya masa kada ya yi gaggawar gyaran nan saboda mu, mun riga mun yi shiri. Tela kawai nake nema, wanda ya iya ɗinki biyu.