Ke, Koma Gida!

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kori kaina daga gasar ƙwallon tebur ba, alhali ni ke kan gaba.

A unguwar Treichville aka haife ni, can nesa da ƙasar Hausa, kuma a lokacin Hausata ta gaisuwa da cefane ce, sauran duk Faransanci. Hannuna ba laifi, ƙafata ce matsalar. Dokar wasan ita ce da ka buga, ka yi wuf ka dawo tsakiyar tebur ka jira ramuwa. Ni kuwa da na buga sai in daskare a wurin, ina kallon ƙwallon tana lilo fara fat, in hango kaina a jirgin sama da tutar ƙasa a kafaɗa, ruwan lagun, babban tafkin garinmu, na ƙyalli can ƙasa. (Ramuwar takan iso ban sauka daga jirgin ba.) Kocinmu ya yi ta ihun "Replace-toi!", wato in koma tsakiya, har muryarsa ta dishe.

Ran nan muka je unguwar Adjamé karawa da ƙungiyarsu. Wasana ne na ƙarshe, in na ci kofi ya zama namu. Kawu Sani, ƙanin Ummata da ya zo daga Kano saro kaya, ya biyo ni kallo. Tun a hanya na ƙudurta a raina ba zai so ya ga mace tana tsalle a gaban jama'a ba.

Ana dab da gamawa na kai wani bugu daga kusurwar hagu, mai daɗin da har na lumshe ido. Sai muryar Kawu ta cika ɗakin:

"Ke! Koma gida! Koma gida mana!"

Na ajiye raket, na rusuna na ce, "Yi haƙuri, Kawu," na fice. Ina jin koci yana cewa "Mais elle va où?", wato ina kuma za ta, ban waiwaya ba. Na tari mota, har muka haye gada ina sharar hawaye, ina tausayin kaina.

Bayan la'asar Kawu ya faɗo gida ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya, 'yar nan taki lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Kawu, ai kai ka ce in koma gida."

"Gidan tebur! Tsakiya, inda ake jiran ƙwallo! Haka muke cewa a wajenmu."

Ashe shi ma tsohon ɗan wasa ne. Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kofi kuwa tuni aka miƙa wa 'yan Adjamé, tunda abokiyar karawarsu ta gudu, kuma har yau ina jin kunyar haɗa ido da 'yan ƙungiyarmu.

Shawarata ga 'yan baya: in babba ya ce ki koma gida, biyayya dole ce, amma ki tambaye shi wanne kafin ki biya kuɗin mota.