Turaren Injiniya Umara

"Duk Maiduguri, daga Abbaganaram har Ajilari, babu ƙarfen da na taɓa kamawa ya yi mini gardama."

Umara ke nan, a tsakar gidan yayarsa Kaltum, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da sifana. In ba ku san shi ba, bari in gwada muku: dogo ne siriri kamar muciya, tuƙin keke mai ƙafa uku ne sana'arsa, amma ya rubuta INJINIYA da jan fenti a bayan keken, in ba ka kira shi haka ba kuwa sai ya zama kurma. Shi ne ya gyara wa Kaltum fanka, har yau in an kunna ta silin kaɗai take yi wa fifita.

Ita Kaltum turaren wuta take haɗawa, da shi take riƙe 'ya'yanta. A wannan karon ta samu aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba: Hajiya Suwaiba ta Mafoni ta ba ta lafayoyin 'yarta Humaira, amarya, ta turara su. Kun dai san matan Barno, a gidan biki hanci ke fara gaisawa kafin baki. In lafayar amarya ta yi ƙamshi za a tambayi wadda ta yi, in ba ta yi ba ma za a tambaya. Kaltum ta wuni ta kwana a kan aikin nan, garwashi a kasko, a kifa kwando a kai, a shimfiɗa lafaya, a lulluɓe da bargo, har ƙamshi ya kama zare. Yau kafin la'asar za a kai kaya, Umara ne zai kai ta.

To, da safen nan ne salansar keken Umara, wadda tsatsa ta daɗe da cinyewa, ta faɗi a wani rami ta rabu biyu. Keken ya shigo layi yana ruri kamar injin niƙa.

"Umara, ka kai wa Manasse bakanike mana," in ji Kaltum. "Ko kuwa in tari wani keken."

"Manasse? Ya Kaltum, ni na koya wa Manasse riƙon sifana. Kuma ki hau keken wani ina raye? Me za a ce da ni a unguwa?"

Ya faɗa ɗakin shirgi, ya jawo tsohon babur ɗinsa da ke jingine tun lokacin da aka hana hawa babur a gari, kaji sun mayar da shi gidan haya. Ya kwance salansar, ya kakkaɓe gashin kaji.

"Ai wannan ta babur ce."

"Hayaƙi bai san babur ba, bai san keke ba. Hanya kawai yake nema."

Ya kwanta ƙarƙashin keke, ƙafafu a waje. Aka ji ƙwal, aka ji tsaki. Bakin salansar ya yi wa injin kaɗan.

"Ta shiga?"

"Kunya take ji, baƙon wuri ne."

Ya ɗauko guduma ya bubbuga bakin har ya buɗe, ya wuce misali, yanzu kuma ya yi yawa, salansa tana rawa kamar loɓaɓɓen haƙori. Ya yanka gwangwanin madara ya naɗa, ya cusa. Sai ramukan noti suka ƙi haɗuwa, ɗaya yana kallon gabas, ɗaya yana kallon Damaturu. Injiniya ya waiga, ya ga wayar shanyar Kaltum, ya kwance ta, ya ɗaure.

"A ina zan yi shanya?"

"Gaba ake ci, Ya Kaltum, noti tsohon yayi ne."

Kaltum ta duba rana. Ta shiga ɗaki yin azahar da ninke kaya, tana addu'a Allah ya raba ta da abin kunya. Da ta san abin da za a yi a bayanta, da a tsakar gida ta shimfiɗa darduma.

Don kuwa da Umara ya gama ɗauri, sai ya ga wutsiyar salansar tana gugar taya. Ya sake kwancewa, ya saƙala ta tsakanin rassan dogonyaron ƙofar gida, ya rataya a kai da duk nauyinsa har ta lanƙwashe ta kalli sama. Da ya mayar, bakin ya tokari ƙasan wurin ajiye kaya na bayan kujera. A nan akwai wani rami da tsatsa ta huda, sarkin dabara ya ƙara masa faɗi, bakin salansa ya leƙo ciki kamar kan ƙadangare.

Ya tsaya ya dube shi. "Zafi ne kawai matsala. Hayaƙin kam in ya ga ba hanya, ta ramin zai koma ƙasa, ai ba wawa ba ne."

Don kada kaya su taɓa ƙarfe mai zafi, sai ya ɗauko kwandon turaren Kaltum ya kifa a kai. Ya karɓo lafayoyi daga bakin ƙofa ya jera su a kan kwandon.

Daga ɗaki Kaltum ta ce, "Ka lulluɓe su da bargo sosai, kada ƙamshin ya fita a hanya."

"Ko iska ba za ta fita ba."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Suka kama hanyar Mafoni. Keken da ɗazu yake ruri, yanzu shiru kamar mai sanɗa. Umara ya kasa zama daidai don daɗi.

"Ya Kaltum, leƙa baya. Kin ga hayaƙi?"

Ta leƙa. "Babu."

"Ko ɗigo. Keken da yaran layi ke kira mai bakin wuta. Gobe Manasse zai zo da littafi ya ɗauki darasi."

Hancin Kaltum kuwa ya gaji da zaman kasko, ko barkono aka soya a gabanta ba za ta yi atishawa ba. Can ta muskuta.

"Umara, kamar ina jin ɗumi a bayana."

"Ranar Maiduguri ce, yau kika fara jin ta?"

Wani mai keke ya jero da su yana nuna bayansu, yana ɗaga hannu. Umara ya ɗaga masa nasa, ya ce, "Na gode, aikin hannuna ne."

A gidan Hajiya Suwaiba mata sun cika tsakar gida, har da Kaka Yagana, kakar amarya, wadda ake cewa daga ƙofar gida take gane itacen da ke cikin turare. Hajiya ta sa aka buɗe get keken ya shigo.

"Lale, Kaltum. Ku matso ku ji aiki."

Kaltum ta kai hannu, Umara ya riga ta. "Bari, ni na lulluɓe, ni zan buɗe." Ya kama gefen bargo ya fizge kamar mai buɗe sabon gini.

Wani baƙin hayaƙi ya tashi ya turnuƙe gidan. Mata suka watse suna tari, kowa da bakin lafaya a hanci. Farar lafayar da ke ƙasa ta koma kalar bayan tukunya, da zanen kwando raɗau a jiki. Kaltum ta zauna daɓas a kan turmi. Sunanta kawai take gani yana bin hayaƙin.

Kaka Yagana ta dogara sanda ta matso, ta ɗaga lafayar, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

"Can ƙasa akwai sandal, akwai kajiji, an kuma yi shi da haƙuri. Wannan hannun Kaltum ne, ba ni da ja. Na saman nan fa, wa ya ƙara?"

Duk ido ya koma kan Umara.

"Kaka, ai hayaƙin ne ya yi ɓatan hanya."

Hajiya Suwaiba ta numfasa. "Sai gobe za a sa kayan. Kaltum, ga kasko ga garwashi, a nan za ki sake, na yarda da ke. Amma sai an wanke su tas tukuna."

"Gaskiya ne," in ji Umara, yana ja da baya. "Bari in je in nemo mai wanki."

Ya faɗa keke, ya tayar da ƙarfi. Wayar shanya ta tsinke, salansa ta faɗo, gwangwanin madara ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Kaka. Ta taka shi da sanda.

"Mai wanki ya samu. Ku ba shi baho."

Haka la'asar ta riski Injiniya a tsugune tsakiyar mata, wando naɗe har gwiwa, kumfa har gira. Wata baƙuwa ta shigo, ta dube shi, ta tambayi Kaka ko sabon ɗan wanki aka ɗauka.

"A'a, injiniya ne," in ji Kaka. "Turara kaya yake yi kyauta. In kina so ki kawo naki, sai dai ki zo da fetur ɗinki."